Majalisar Shawara da Kuɗin Gyaɗa

A 1953 Bankin Duniya ya aiko da masana su duba arzikin Nijeriya. Bisa shawararsu aka kafa Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa a 1955, aka cika ta da ministocin Tarayya da na Jihohi. Aikinta ba da shawara ne kurum, ba ta da ikon tilasta wa kowace gwamnati. To, ku lura, masu ba da shawarar su ne masu karɓarta! Kuɗin raya Arewa kuwa, da yawansu rarar gyaɗa da auduga ce, wadda Hukumar Sayen Amfanin Gona ta tara. Manomin da ya noma gyaɗar bai sami kujera ba, ba a ko tambaye shi ba ko hanya yake so ko rijiya.