Inda Bahaushe Ke Tuntuɓe a Nahawun Turanci

Jawabin da aka gabatar ga ɗaliban Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa masu shirin jarrabawa, a ajin da yayyensu na jami'a suka shirya lokacin dogon hutu



Babu wani a cikinmu da bai san wani ɗan'uwa ba, wanda ya ci lissafi da kimiyya ci mai kyau, amma Turanci ya kā da shi, ya zauna gida shekara biyu ko uku yana sake biyan kuɗin jarrabawa. Mahaifinsa ya sayar da masara a Dandume, ko ya kai ɗan maraƙi kasuwar Sheme, aka biya, sakamako ya fito, ga D7 nan a gaban Turanci kamar bara. Jami'o'inmu kuwa, daga ta Ahmadu Bello a Zariya har ta Umaru Musa 'Yar'adua a Katsina da ta Tarayya a Dutsin-Ma, kiredit biyar suke nema, kuma lalle Turanci ya kasance a ciki. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ma ta wajabta shi a kan kowa, ko likita mutum yake so ya zama ko malamin gona. Ma'aikaci kuma yana nan yana jiran jarrabawar ƙarin girma, kuma kullum takardar da ya rubuta ita ce ke shiga ofishin babba kafin shi.

Mun san halin da karatu ya shiga a yankinmu. Ranar 11 ga Disamba, 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka rufe makarantu, iyaye da yawa suka janye 'ya'yansu daga makarantun kwana. A 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da namu uku. Amma mai duba takardar jarrabawa bai san wannan ba. Lamba yake gani, ba ya ganin gari. Hukumar WAEC, tun kafa ta a 1952, ma'auni ɗaya take sa wa kowa, da ɗan Ikko da ɗan Sabuwa. Saboda haka tilas mu san inda makinmu yake zubewa, mu toshe.

Ga yadda ake rabon makin insha'i. Ana son ɗalibi ya rubuta kalmomi kimanin 450, a kan maki 50: goma ga abin da ya faɗa, goma ga tsari, ashirin ga iya sarrafa harshe, goma kuma ga tsabtar rubutu daga kurakurai. A wannan goman na ƙarshe, kowane kuskure na nahawu ko na rubutun kalma ko na aya rabin maki yake ci. Watau kuskure ashirin ya share goman nan kakaf. In muka raba 450 gida ashirin, za mu ga kuskure ɗaya a kowace kalma ashirin da biyu ya isa, watau ɗaya a kowane layi biyu ko uku. Kuma wanda nahawunsa ya karye, makin sarrafa harshe ma ba zai tsira ba.

To, daga ina kurakuran nan suke fitowa? Yawancinsu ba daga rashin ƙwaƙwalwa suke ba. Hausa ce take aikinta a ƙarƙashin Turancinmu. Muna tunani da Hausa, sa'an nan mu sa wa tunanin rigar Turanci, rigar kuwa ba a jikinsa aka auna ta ba. In mun gane wuraren da harsunan biyu suka raba hanya, mun gama rabin aiki.

Na farko shi ne lokaci. Bahaushe yana cewa "na gan shi jiya", yana kuma cewa "na gan shi" kawai, duk da siga ɗaya. Turanci ya raba su. In an ambaci lokacin da ya wuce ya ƙare, kamar jiya ko bara, sai "I saw him yesterday". Wanda ya rubuta "I have seen him yesterday" ya yi asarar rabin maki. Haka kuma kalmarmu "tun". Turanci yana amfani da "since" in ana nufin ranar da abu ya fara, da "for" in ana nufin tsawon lokacin: "since 2020", amma "for three years". Kuma ba a ce "I am here since morning", sai "I have been here since morning".

Na biyu, mukan ce "ina da", "ina ji", "ina so", "ina ganewa", sai mu zaci duk inda "ina" ta fito, Turanci zai sa "am" da "-ing". Daga nan ake samun "I am having two brothers" da "I am understanding you". Aikatan da ke nuna mallaka ko sani ko so ba su karɓar wannan siga a irin wannan ma'ana. Abin da ake cewa shi ne "I have two brothers", "I understand you".

Na uku, tilo da jam'i. A Hausa muna cewa "shekara uku", "naira goma", "buhu biyar", sunan yana nan a tilonsa, adadi ya wadatar. Turanci ba ya yarda: "three years", "five bags". A ɗaya gefen kuma, muna da "shawarwari" da "bayanai" da "kayayyaki", sai mu ƙera "advices" da "informations" da "equipments" da "furnitures", alhali kuwa waɗannan kalmomi ba su da jam'i a Turancin da ake jarraba mu a kai. In ana son guda ɗaya sai a ce "a piece of advice". Kana a lura da "one of my friends": ɗaya ne daga cikin masu yawa, don haka abokan jam'i ne, aikatau kuwa tilo, "one of my friends is here". A nan Hausa ma tana taimakonmu in mun saurare ta. Muna cewa "kowa ya zo", ba mu cewa "kowa sun zo". Haka Turanci yake: "everybody has come".

Na huɗu, 'yan ƙananan kalmomin nan "a" da "an" da "the". Hausa ba ta da takwarorinsu daidai wa daida. "Ni ɗalibi ne" ta cika jimla, amma "I am student" gurguwa ce, sai an ce "I am a student". Wanda ya ji tsoron mantawa kuma sai ya yi ta yayyafa "the" ko'ina, har ya rubuta "the Katsina". Hanya mai sauƙi ita ce mu tambayi kanmu: shin mai karatu ya riga ya san wanda muke nufi? In a Hausa za mu ce "motar" ko "yaron", watau wanda aka riga aka ambata, to "the" ce. In "wata mota" ce ko "wani yaro", to "a" ce.

Na biyar, wakilin suna. Jimlar Hausa ba ta tsayuwa sai da shi: "Audu ya tafi", "malamai sun zo". Shi ya sa ake samun "My father he is a farmer". Turanci ɗaya yake ɗauka, ko sunan ko wakilinsa. Abin mamaki kuma, wayar hannu ta kawo mana kishiyar wannan cuta, har masu digiri suna fara wasiƙa da "Am writing", sun jefar da "I" ɗin da babu makawa sai da shi.

Na shida, kalmomin da Hausa ta haɗa, Turanci ya raba. "Ji" ɗaya gare mu: mu ji magana, mu ji ƙanshi, mu ji sanyi, mu ji Larabci. Turanci yana da "hear" da "smell" da "feel" da "understand". "Sha" ɗaya gare mu, amma magani "take" ake ce masa. Aro kuma ya fi kowanne kā da mutane: mai karɓa "borrow" yake yi, mai bayarwa "lend". "Ara mini biro" shi ne "lend me a pen". Haka "tattauna a kan" ke haifar da "discuss about", "shiga cikin" ke haifar da "enter inside", alhali "discuss" da "enter" ba su bukatar ɗan rakiya. "Fi" ɗinmu kuma ita ke sa mu ce "more taller", mu ninka kwatanci sau biyu, ko "prefer tea than coffee" a maimakon "prefer tea to coffee".

Na bakwai, amsar tambaya mai korewa. In an ce da Bahaushe "ba ka ci abinci ba?" sai ya ce "I, ban ci ba", yana gaskata mai tambaya. Bature kuwa aikin yake dubawa: in bai ci ba, "No, I haven't". Wanda ya ce "Yes, I haven't" a gaban masu ganawa da masu neman aiki ya bar su cikin ruɗu.

Na takwas, furuci, domin akwai takarda guda a kansa, kuma yana bin mu har cikin rubutu. Baƙin "f" na Hausa da leɓɓa biyu ake yin sa, yana tsakanin "p" da "f" na Turanci, shi ya sa "pull" da "full" suke rikice mana, haka "pan" da "fan". Wasulanmu biyar ne, kowanne da gajere da dogo, sai tagwaye biyu. Turancin Ingila kuwa yana da sautin wasali kimanin ashirin. Don haka "cat" da "cart" da "cut" suke zo wa kunnenmu kusan ɗaya. Maganin wannan sauraro ne da duba alamomin furuci a ƙamus.

Ga 'yan'uwa ma'aikata kuma, da masu zaɓen tambayar wasiƙa: tarbiyyarmu ba ta yarda a shiga magana ba gaisuwa, kuma wannan abin alfahari ne. Amma wasiƙar ofis ta Turanci ba ta tambayar lafiyar iyali. Adireshi biyu, kwanan wata, "Dear Sir" ko "Dear Madam", kan magana, sai bukata kai tsaye, a rufe da "Yours faithfully", sa hannu, cikakken suna. Gaisuwar a ajiye ta sai an haɗu.

Kada wani ya fita daga nan yana ganin Hausa ce abokiyar gabarsa. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, yara ta ɗauka daga garuruwa da ƙauyuka irin namu, waɗanda ba su taɓa jin Turanci a gidajensu ba. A cikinsu aka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Turancinsa ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya, da Abubakar Imam, wanda ya riƙe jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939, ya kuma zama uban rubutun Hausa na zamani. Ba su yar da harshensu ba. Sun san nasu sosai, shi ya sa suka gane inda na baƙo ya sha bamban.

Abin da muke roƙo guda uku ne. Kowane ɗalibi ya sayi ɗan littafin rubutu, ya keɓe shi domin kurakuransa: abin da ya rubuta, gyaran, da dalilin, har da jimlar Hausar da ta jawo shi. Zai tarar kurakuransa ba su wuce iri bakwai ko takwas ba, su ne suke ta dawowa. Sa'an nan kowane mako ya rubuta insha'i ɗaya na kalma 450 cikin minti hamsin, ya ba abokinsa ya ƙirga masa kurakurai, burinsa su sauka ƙasa da goma kafin ranar jarrabawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na uku kuma a kanmu yake, mu da Allah ya sa muka tsallake: kowane ɗayanmu ya ɗauki ƙanne biyar a unguwarsu ko ƙauyensu, ya riƙa duba musu rubutu har hutun nan ya ƙare. Takardar rubuta suna tana hannun sakataren taro, kada a watse sai an cika ta.

Allah ya ba mu zaman lafiya a garuruwanmu, ya ba ƙannenmu sa'a.