Jawabin Babbar Baƙuwa a Bikin Yaye Ɗaliban Kiwon Lafiyar Al'umma

 

Sunan da muke kiran wannan biki da shi daga ɗakin uwa aka aro shi, domin asalin yaye cire yaro ne daga nono. Ku 'ya'yanmu da ake yayewa, makaranta ta shayar da ku, yau za ta sauke ku daga baya. Ku ba ni dama in yi magana a kan wancan yayen na farko, tunda a can aikinku zai fi nauyi.

Jariri yana zuwa duniya da ƙwaƙwalwar da girmanta bai wuce rubu'in ta babba ba, amma kafin ya cika shekara 5 ta kai kusan kashi 90 cikin 100. Maɗigar da kuke gani tana motsi a tsakar kansa ba ta rufewa sai wajen wata 18, ga kai yana ta faɗi. Daga shigar ciki zuwa shekara 2 kwana 1,000 ne, kuma yaron da ya tsumbure a cikinsu da wuya ya mayar da duk abin da ya rasa, a tsawo ko a basira.

Ba zan manta da wata baiwar Allah da ta kawo mini ɗanta a wani asibitin karkara ba. Ƙafafunsa a kumbure, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ko kuka ba ya iyawa. Na ɗaura masa ma'aunin dantse, ya faɗa a ja, ƙasa da santimita 11.5. Uwarsa ce ta yi kwanika, aka cire shi dare ɗaya aka kai wa kaka, ba ya shan komai sai tsinkakken koko. Alhali akwai gyaɗa da wake a rumbu, ga zogale a bayan ɗaki, ga kaji suna saka. Ƙwan ne aka hana shi, wai kada ya tashi da sata. Irin wannan ciwo ne likita Cicely Williams ta yi bayaninsa a ƙasar Ghana ta yau, ta kira shi kwashoko a 1935, da kalmar mutanen Ga mai nufin ciwon yaron da ƙane ya ture.

Ba ƙiyayya ce ta sa kakar nan yin haka ba, abin da ta gada ne. Saboda haka in kun shiga gida ku yi sallama, ku durƙusa ku gaida tsohuwa kafin ku buɗe jaka. Ku lallashe ta a bar wa jariri dakashi, a ba shi nono zalla wata 6, a ci gaba da shayarwa har shekara 2 kamar yadda addini ma ya kwaɗaitar. Ku ce wa uwa ta riƙa yi masa magana da tawai, domin hira ma tana gina ƙwaƙwalwa.

Ku kuma lura da abin da ke tsakar gida. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinare da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara, kuma dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar wanda ya rayu.

Sai lokacin balaga. Yarinya takan riga yaro miƙewa da kimanin shekara 2, kuma da ta fara al'ada buƙatarta ta abinci mai ƙara jini ta ƙaru. In ta ɗauki ciki tana kan girma, ita da ɗan cikin za su riƙa rabon abinci ɗaya. Saurayi kuwa, ko ya yi gemu, sashen gaban ƙwaƙwalwarsa mai auna abu kafin a aikata ba ya kammala sai wajen shekara 25. Ya ku iyaye, gaggawar da kuke gani ba duka ce taurin kai ba. Yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, da babba a kusa da shi.

'Ya'yana, Allah ya sa albarka a hannuwanku, ya saka wa iyayenku da malamanku. Mai girma Hakimi, ranka ya daɗe, muna roƙon ka taso ka miƙa wa ɗaliban takardun shaidarsu.