Dashen Haƙori Ga Yaro: Jawabi Ga Iyaye Mazauna Fatakwal, Anacha Da Inugu



Sau da yawa yaro kan fāɗi wurin ƙwallo, ko kuwa babur ya buge shi a bakin kasuwa, haƙorinsa na gaba ya fita. Iyaye sukan ce ai wani zai tsiro. Wannan gaskiya ne in yaron bai yi famfara ba. Amma haƙorin gaba da ya fito bayan famfara, wajen shekara 7 ko 8, ba shi da magaji. In ya tafi, sai wawulo, kuma ƙashin wurin yakan riƙa zaizayewa.

Saboda haka, da zarar irin wannan haƙori ya fita, a ɗauke shi ta kansa, kada a taɓa saiwar, kada a kankare ta. A tsoma shi cikin madara, a garzaya asibiti kafin awa guda ta cika, domin likita na iya mayar da shi gurbinsa.

To, in haƙorin ya ɓace fa? Haƙorin ƙarfe da ake kafa wa manya bai dace da yaro ba, don muƙamuƙinsa yana girma, ƙarfen kuwa ba ya motsawa tare da shi. Dabarar da ta fi ita ce dashe, watau likita ya ciro ɗaya daga ƙananan turamen yaron da ke bayan fiƙa, ya dasa shi a giɓin, daga baya a gyara siffarsa, a kuma matso da sauran haƙora da waya su rufe inda aka ciro. Likitoci biyu na Oslo ta ƙasar Norway, Slagsvold da Bjercke, su suka kyautata wannan aiki, suka bayyana sakamakonsa a 1974. Tun da naman jikin yaron ne, jiki ba ya ƙinsa.

Sai dai abin yana da lokaci. Dashen ya fi kamawa sa'ad da saiwar ta kai rabi ko kashi uku cikin huɗu na tsawonta, galibi tsakanin shekara 10 da 13. Uban da ya ce a bari sai an koma Arewa da Salla, ko sai yaro ya girma, yana iya sa damar ta wuce.

Ba kowane asibiti ke wannan aiki ba. Mazauna Inugu su nemi sashen haƙori na Asibitin Koyarwa da ke Ituku-Ozalla, na Fatakwal su je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Fatakwal, na Anacha kuwa Nnewi ce kusa da su. Can za a ɗauki hoton muƙamuƙin, a faɗa wa iyaye ko dashen zai yiwu.