Cobra ta Asali da Cobra ta Kwaikwayo

 Na ruga da na kasuwar kan iyaka, yau za mu ɗan bar zancen farashin dusa da kuɗin kwastan, mu leƙa wata mota da ba ta ɗaukar ko buhu ɗaya: kujera biyu ce, ba rufi. Sunanta Cobra, wato gamsheƙa.

Mutumin da ya kawo ta, Carroll Shelby, ɗan jihar Texas ne a Amurka, kuma kafin ya yi suna kiwon kaji yake yi. Cuta ta shiga, kajin suka mutu, jari ya karye. Makiyayi ya san wannan ciwon. Sai ya koma tseren mota, har ya ci babbar gasar Le Mans ta Faransa a 1959, kafin ciwon zuciya ya sauke shi daga sitiyari. A 1962 ya ɗauko wata ƙaramar mota ta kamfanin AC na Ingila, ya ɗora mata injin Ford mai silinda takwas. Jiki ba nauyi, inji kuwa kamar na babbar mota.

Zuwa 1967 aka daina ƙera ta, duka-duka kusan guda 1,000 aka yi. Ta farkon cikinsu, a 2016 aka yi gwanjonta a kan dala miliyan 13.75. Ni da babur ɗina ma bashi ne a kansa, ban tsaya lissafa shanu nawa ke nan ba.

To, wanda yake so amma ba shi da wannan kuɗi fa? Nan kwaikwayo ya shigo. Akwai kamfanoni da ke sayar da ita gunduwa-gunduwa, kai ka haɗa a garejinka. Factory Five na Amurka ya fara ne da tsarin a ciro inji da giya da birki daga tsohuwar Ford Mustang a zuba a sabon shasi. Superformance kuwa a Afirka ta Kudu ake haɗa nata. Yau na kwaikwayon sun fi na asalin yawa nesa ba kusa ba.

Kada ku ce jabu ce. Jabu shi ne a ɓoye maka. Mai irin wannan mota, in mutumin kirki ne, da bakinsa zai ce ta kwaikwayo ce, kuma takardunta haka za su nuna. Ta asali jikinta alminiyon ne, lambar shasin wadda Shelby ya fitar da CSX take farawa, kuma masana suna riƙe da tarihin kowace lamba. Yawancin na kwaikwayo jikinsu faiba ne.

Wahalar tana wajen wanda ya sayi tsohuwar ta kwaikwayo zai farfaɗo da ita. Faiba ba ta tsatsa, sai dai ta tsage, shi ya sa motar kan yi kyau a ido alhali ƙarfen da ke ƙarƙashinta ya ciwu. Kuma kowace ɗaya hannun wanda ya haɗa ta ne: wani gwani, wani ɗan koyo. Wayoyin wuta a cukurkuɗe, lagireto ya yi wa injin kaɗan, ga zafi yana tashi. Bakanike sai ya fara gano daga wace mota aka ciro kowane ƙarfe kafin ya nemo safaya. Aikin da aka ce na wata uku ne yakan ci shekaru. In an gama ma, mai salansa a gefe tana iya ƙona maka ƙafa wajen sauka.

Ku da ke sayen motocin Kwatano, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinku. Fenti ba ya faɗin komai. Ku durƙusa ku leƙa ƙasa, ku gwada lambar da ke jikin shasi da wadda ke takarda, harafi bayan harafi, tun kafin a kai ga shingen kwastan ko na duwan. In mai mota ya ce ana sauri, ku ce ku ba ku yi.