Gadar Anacha da Abincinmu a Nan Garam

 

Wani zai ce, to Malam, ina ruwan Garam da gadar da ke can ƙasar Inyamurai? Ku tambayi masu lodin albasa, wake da shanu a cikinmu. Motar da ta tashi daga Suleja, ta bi Gwagwalada da Abaji, ta haye Kogin Kwara a gadar Murtala ta Jamata, ta wuce Lakwaja, yawanci sai ta sake haye kogin nan tsakanin Asaba da Anacha kafin a sauke kaya.

Da can jirgin fito ake shiga. Kamfanin Dumez na Faransa ne ya gina gadar, aka gama a Disambar 1965, zamanin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Tsawonta ya kusa kilomita ɗaya da rabi. Ba ta cika shekara biyu ba yaƙin basasa ya ritsa da ita. A 1967 sojojin Biyafara suka karya ta, dakarun Murtala Muhammad suka yi ta ƙoƙarin hayewa da jiragen ruwa, aka yi asarar rayuka masu yawa. Bayan yaƙi aka gyara ta. Tun daga nan ita kaɗai ke ɗaukar wannan lodi, har aka ƙaddamar da ta biyu, wadda Julius Berger ya gina, a Mayun 2023.

Amma fa gada ba ta aiki sai hanya ta kai ka bakinta. A 2022, da ruwa ya shanye titi a Koton Ƙarfe, motar tumatir ɗina ta yi kwanaki a layi. Wallahi ko kwando ɗaya ban tsira da shi ba, kuma rabin kuɗin na bashi ne. Ku ma kun tuna layin man da aka sha a Abuja lokacin.

Shi ya sa nake roƙon shugaba, a buɗe asusun taimakon wanda kayansa suka maƙale a hanya, kowa ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa duk wata, kafin damina ta kankama. Ni zan fara sa nawa yau wurin ma'aji.

Wassalamu alaikum.