Ƙetare Iyaka a Kan Ƙaramin Babur

Mai niyyar hawa ƙaramin babur daga Katsina zuwa Maraɗi ta Jibiya, ya fara da takardu: fasfo, lasin, takardun babur, inshora da katin rigakafin shawara. Jami'an kan iyaka a Ɗan Isa, ɓangaren Nijar, za su nemi ganinsu. Canja nairarka zuwa sefa, ka tambayi halin tsaron hanya tukuna.

Sai babur. Zuba sabon baƙin mai, ɗaure sarƙa daidai, sa tiyub, fulogi da famfon iska a jaka. Kada ka lafta masa kaya. Bayan kowace awa tsaya injin ya huce, kai ma ka sha ruwa. Hular kwano dole ce. Magariba ta yi, nemi masauki. Allah ya kiyaye hanya.