Idan Bala'i Ya Auku a Ƙasar da Ƙawarki Take

Tunda an gama zubi an rufe akwati, ku ba ni aron hankalinku kaɗan.

Da wuya a samu mace a cikinmu da ba ta da wani nata a ƙasar waje. Wata ƙawarta na aikatau a Jidda, wata ɗiyar yayarta na aure a Sudan, wata kuma aminiyarta ta bi miji Libiya. In ana zaman lafiya, sai gaisuwa ta waya ranar Juma'a ko da sallah. Amma ran da rediyo ya ce an yi ambaliya ko girgizar ƙasa a can, sai hankali ya tashi, a yi ta buga waya ba ta shiga, tuwo ya ƙi ciwuwa. Maganata ta yau a kan wannan ranar ce: me za ki yi, kuma me ya kamata ki tanada tun kafin ta zo.

Bari mu ɗauki misali da abin da ya faru a Libiya. A daren 10 ga Satumba 2023, wayewar garin 11, wata guguwa mai ɗauke da ruwa da ake kira Daniel ta sauka a gabashin ƙasar. Madatsun ruwa biyu da ke saman garin Darna suka ɓalle cikin dare, ruwa ya kwashi unguwanni da mutanensu ya zuba a teku. An tabbatar da rasuwar mutum fiye da 4,000, wasu dubbai suka ɓace, fiye da 40,000 suka rasa matsuguni. Cikin mamatan akwai baƙi 'yan ci-rani da yawa, musamman daga Masar da Sudan. Allah ya jiƙansu.

Abu na farko, ki tambayi sunan gari. Da aka ce “Libiya”, duk mai ɗan'uwa a can sai da gabanta ya faɗi. Amma Libiya ƙasa ce mai faɗi. Daga Tarabulus zuwa Darna ya fi kilomita 1,000 a mota, ya fi tafiyar Kano zuwa Legas. Wadda ƙawarta ke Tarabulus ko Sabha ba ta cikin wurin da ruwan ya ci. Saboda haka ki saurari labaran rediyo da kyau, ki riƙe sunayen garuruwan da aka ambata, sannan ki duba ko garin taki na ciki.

Na biyu, waya ta yi shiru ba yana nufin mai ita ta rasu ba. Ruwa da girgizar ƙasa suna kayar da turakun sadarwa, suna yanke wutar lantarki. A Darna sadarwa ta katse bayan ambaliyar. Mutum yana raye, amma wayarsa ta jiƙe, ko caji ya ƙare, ko yana kan rufin ɗaki yana jiran ruwa ya janye. Ni kaina ina da ƙawa da muka tashi tsakar gida ɗaya, tana garin Baida, wanda shi ma ruwan ya taɓa. Kwana huɗu ban ji ɗuriyarta ba. A na biyar sai ga muryarta ta wayar maƙwabciyarta: suna lafiya ita da yara, kayan ɗaki ne kawai ruwa ya ɓata. Don haka kada a kafa zaman makoki a kan jita-jita, kada kuma a kai wa tsohuwar uwa labarin da ba a tabbatar ba.

Na uku, ki aika gajeren saƙo maimakon ki yi ta kira. A irin wannan lokaci layi yana cunkushewa, kuma ƙaramin saƙo ya fi kira saurin wucewa. Kowane kira kuma yana cin cajin da take lallaɓawa. Ki ce kawai: “Wance, ni ce. Mun ji labari. In kina lafiya, ki aiko ko da kalma ɗaya ce.” In ba ki iya rubutu, ki ɗauki murya ta daƙiƙa goma, ko ɗanki ya rubuta miki. Masu WhatsApp ku lura: alama ɗaya na nufin saƙo ya bar wayarki amma bai isa tata ba, alama biyu na nufin ya isa. Da kin ga ta koma biyu, to wayar ta samu layi. Kuma dangi su zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa tuntuɓa, shi ya sanar da sauran.

Na huɗu, in kwanaki sun ja ba labari, akwai inda ake zuwa. Ƙungiyar agaji ta Red Cross, wadda 'yan Nijar ke ce wa Croix-Rouge, tana da aikin haɗa iyalan da bala'i ko yaƙi ya raba. Tana aiki tare da takwararta ta ƙasashen Larabawa, mai alamar jan jinjirin wata. Ki je ofishinsu mafi kusa da cikakken sunan wadda ake nema, garin da take, lambar wayarta, hotonta in akwai, da ranar da kuka yi magana ta ƙarshe. Wannan aiki kyauta ne. Duk wanda ya ce ki biya kuɗin fom, ba nasu ba ne. Ana kuma iya sanar da ofishin jakadancin ƙasarku da ke can. Amma ku yi hattara da watsa hotonta da lambarta a Facebook. Da yawa daga cikin mutanenmu ba su da takardun zama, kuma bazawar na iya jawo mata kamu ko ta ja hankalin miyagu.

Wannan ya kawo ni kan maganar kuɗi, wadda ta shafe mu kai tsaye. 'Yan damfara suna sauraron labarai kamar yadda muke saurara. Sai wani ya kira ki da dare, ya ce ƙawarki na asibiti, a turo kuɗi yanzu-yanzu ko ta mutu. Gaggawar nan ita ce tarkon. Ki ce masa: “Ba ni ita in ji muryarta.” In ya ce ba ta iya magana, ki ce ya tambayo ta abin da ita kaɗai ta sani, kamar sunan da kakarta ke kiranta da shi. In ya fara faɗa ko ya kashe waya, kin gane. Kada mace ta ci bashin ƙungiya ko ta sayar da akuyarta a kan kiran baƙo. In an tabbatar akwai buƙata, a kawo maganar gaban taro, a duba abin da dokarmu ta ce game da asusun taimako, a aika ta hanyar da ita da bakinta ta faɗa, sannan a kira a ji ya isa hannunta.

Idan Allah ya sa kin same ta, ki bar ta ta yi magana. Kada ki fara da “Ai da ma na ce ki dawo.” Ki tambaye ta: ina kuke kwana? Akwai abinci? Wane ruwa kuke sha? Bayan ambaliya rijiyoyi da famfo suna gurɓata, ki tuna mata ta tafasa ruwa, musamman na yara. In ta ce gida take son dawowa, Hukumar Kula da Ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato IOM, tana taimaka wa baƙin da ke Libiya su koma ƙasashensu da yardarsu. Kuma kada kira ya tsaya a makon farko. Bayan wata biyu rediyo ya manta, amma ita tana nan ba katifa, ba aiki, ga firgita da dare. A lokacin ne gaisuwarki ta fi amfani. Iyayenmu sun ce zumunta a ƙafa take. In ƙafa ba ta kai ba, murya ta kai.

To, ba a fafe gora ranar tafiya. Ga aikin da nake so mu yi kafin taro na gaba. Duk mai wani a waje ta kira shi, ta karɓo abu huɗu: cikakken suna kamar yadda yake a takarda, sunan gari da unguwa, lambarsa, da lambar mutum na biyu da ke kusa da shi, maƙwabci ko abokin aiki. Sakatariya za ta rubuta muku a takarda, kowa ta adana tata a gida, domin waya na ɓacewa. Ke ma ki ba ta lambar wata maƙwabciyarki, tunda mu ma ruwa na cin garuruwanmu da damina, ita ma ran nan za ta nemi labarinki.

Allah ya tsare namu na nesa da na kusa. Mai tambaya ta ɗaga hannu.